Uwar Ɓeraye

A bayan ginin sashen haɗa magunguna na jami'ar akwai wani dogon ɗaki mai tagogin raga, wanda ba a hango shi daga titi. Baƙo ba ya buƙatar kwatance, hancinsa zai kai shi. A ɗakin nan matar da ake kira Uwar Ɓeraye ta yi mafi yawan shekarun aikinta. Ɗalibai ne suka laƙaba mata sunan. Tun tana ɓata rai har ta gaji ta bari, daga baya ma idan aka kira ta da sunanta na yanka sai ta waiga ta ga ko da wata ake.

Ita ce 'yar fari a gidan wani tela mai 'ya'ya da yawa da keken ɗinki ɗaya. Da ta gama sakandare ba wanda ya yi maganar ci gaba, domin akwai na bayanta suna jira. Wata gwaggonta da ke shara a jami'ar ta samo mata aikin wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje. Aiki ne na tsayuwa a bakin famfo tun safe har rana ta karkata, da buroshi mai dogon wuya da ruwan sabulu mai tsattsaga yatsu. Ba ta da yawan magana, kuma ba ta fasa kwalba. Da waɗannan biyun aka san da zamanta.

Da tsohon da ke kula da ɗakin ɓeraye ya yi ritaya, aka rasa mai karɓar wurin. Maza suka ce wari, mata suka ce tsoro. Ita ma tana tsoro, a gidansu idan ɓera ya gifta sai dai a same ta a kan gado. Amma a ɗakin akwai kujera, akwai fanka, ba kuma mai tsaya mata a ka. Ta ce a ba ta.

Ɓerayen farare ne masu jajayen idanu. A keji aka haife su, ba su taɓa ganin kicin ɗin kowa ba. A makon farko ɗaya ya cije ta a babban yatsa, ta yi jifa da shi, ta fita waje ta zauna a kan dakali, sannan ta koma ta nemo shi a ƙarƙashin kantar ɗakin. Sannu a hankali ta iya kamu: a tattara fatar bayan wuya, a naɗe wutsiya a ƙaramin yatsa, sai ɓera ya yi lamo kamar jariri. Kullum da safe ta sauya musu dusar katako, ta cika kwalaben ruwansu, ta auna kowanne a sikeli, ta sabunta alamar tawada da ke wutsiyarsa. Ba ta taɓa raɗa wa ko ɗaya suna ba. Ɗalibai mata sukan yi, ita kuwa takan ce musu su bari, ranar yanka za su gane dalili.

Wadda ta fi aiki da ɓerayen wata malama ce da kowa ke kira Dakta, gajeriya, mai tabarau da igiya a wuya. Tambaya ɗaya ta sa a gaba tun tana ɗaliba. Hanta ce ke tace duk abin da mutum ya sha ko ya shaƙa, don haka ita guba ke fara ci. Mutane kuwa sun daɗe suna jiƙa ganyaye da ɓawon itatuwa suna sha idan idonsu ya yi rawaya. Dakta tana son ta san ko a cikin waɗannan akwai wanda da gaske yake kare hanta, da kuma yawan da ya kamata.

Uwar Ɓeraye ta shiga aikin da ƙafar dama. Ita ke shanya ganye a inuwa a kan tsofaffin jaridu, tana juya shi har ya bushe ƙayau. A niƙa shi, a jiƙa garin a ruwan sifirit irin na asibiti cikin manyan kwalabe, a tace, a ɗora ruwan a kan wuta mai sanyi har sifirit ɗin ya tashi. Buhu guda na ganye, abin da zai rage a ƙarshe bai fi ya cika kofin shayi ba, baƙi, mai danƙo, mai ɗaci har a hanci. Shi ake zubawa a kwalba mai faɗin baki a sa a firij. Mukullin firij ɗin yana hannunta, a igiya ɗaya da na ɗakin.

Sai a raba ɓeraye keji-keji. Wasu ruwa kawai za a ba su. Wasu a ba su guba, galibi farasitamol mai yawan da hanta ba za ta iya da shi ba. Wasu kuma a yi kwanaki ana ɗura musu ruwan ganyen tukuna, sannan a ba su gubar. A ƙarshe a sa su barci, a ɗebi jini, a buɗe ciki. Ita ke riƙewa, ita ke wanke tebur. Da ido ta iya bambance lafiyayyar hanta, ja mai duhu, sumul, da wadda guba ta ci, koɗaɗɗiya mai ɗigo-ɗigo. Tun daga lokacin idan aka soya nama a gida takan ture hantar gefe.

Yawancin ganyayen ba su yi komai ba. Wasu sun ɗan taɓa. Guda ɗaya ne ya sa Dakta ta cire tabarau ta goge ta sake dubawa, wani tsiro mai yaɗo da ke bin katangar bayan sashen, wanda ɗalibai suka sa wa Mai-katanga. Ɓerayen da suka sha shi kafin guba hantarsu ta fito kusan lafiya lau. Amma da aka ɗauki keji guda aka ba su shi da yawa, shi kaɗai ba tare da wata guba ba, sai suka daina cin abinci, gashinsu ya tashi, suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ita ta kwashe su.

A tsakiyar waɗannan shekarun ta yi aure. Mijin mai fentin mota ne, dogo, mai barkwanci, faratansa ba sa rabuwa da launi. Tun yana zuwa zance ya ce mata, "Ni ina warin tina, ke kina warin ɓera, ba mai yi wa wani gori." Tina shi ne ruwan da suke sirka fenti da shi. A garejinsu, wata rumfar kwano mai bango uku, da shi suke wanke hannu idan an tashi. Mai Fenti ya iya aikinsa. Idan aka kawo motar da ƙofarta ɗaya ta lotse, yakan haɗa launi da ido har mai motar ya kasa nuna ƙofar da aka taɓa. Takunkumin da ya kamata ya rufe hanci da shi kuwa yana rataye a ƙusa, ya ce zafi yake sa shi. Kullum ya dawo da ciwon kai, kullum ya watsa ƙwayoyin farasitamol a baki ya kora da ruwa, ba ya ko duba yawansu.

Ta yi masa magana ba sau ɗaya ba. Ta ce, "Baban yara, abin da kake haɗiya ɗin nan da shi muke lalata hantar ɓeraye."

Ya ce, "To ai ni ba ɓeranki ba ne. Dubi girmana."

Ba mace ce mai nanata magana ba, wasu sun ce da ta nanata da ya fi.

'Yarsu ta fari tana ajin ƙarshe na firamare lokacin da abin ya bayyana. Wata safiya yana shan shayi a bakin ƙofa, haske ya faɗa masa a fuska, ta ga farin idonsa ya koma ruwan ƙwai. Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta ce ya ɗaga rigarsa. Ta danna ƙasan haƙarƙarinsa na dama, ya yi tsaki ya ture hannunta. Ba ta je aiki ba ranar.

A asibiti aka ɗebi jini, aka haska ciki. Likitan, wani matashi mai magana a hankali, ya yi tambayoyi a kan sana'a da abin da yake sha, ya ce hantar ta ji ciwo ƙwarai amma ba ta mutu ba. Ya ce a bar gareji, a bar ƙwayoyin, kada a sha wani jiƙo ko wani haɗi ko na wane ne. Ya ce hanta takan gyara kanta idan aka ƙyale ta, sai dai ba ya yin alkawari. Aka kwantar da shi na ɗan lokaci, sannan aka sallame shi ya je gida ya huta, ya riƙa dawowa gwajin jini.

Uwar Mai Fenti ta zo da jakarta ta sauka a ɗakin yara. Tsohuwa ce mai ƙarfi, wadda ta rasa 'ya'ya biyu suna manya, wannan ne namijin da ya rage mata. Ta kwana ɗaya tana kallon ɗanta yana ture abinci, washegari ta tare surukarta a kicin.

"Ke 'yar nan, ba a wurin aikinku aka ce ana haɗa maganin hanta ba?"

"Ana dai gwadawa, Inna. A kan ɓeraye."

"To ɓera ya fi ɗana ne?"

"Ba haka ba ne, Inna. Ba a taɓa ba mutum ba. Ba a san yawan da jikinsa zai ɗauka ba."

"Wane yawa? Cokali ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Kowane magani haka ake shan sa." Tsohuwar ta gyara ɗaurin zaninta. "Mukulli na hannunki, mijinki na kwance. Ni dai ban taɓa ganin irin wannan ba."

Haka aka yi ta yi kullum. Inna ba ta zagi, ba ta ɗaga murya, sai dai ta yi maganar da bango idan surukar na kusa.

Uwar Ɓeraye ta sami Dakta a ofis ta gaya mata halin da ake ciki, ta kuma yi tambayar kai tsaye. Dakta takan kira ta uwar ɗaki, rabi wasa rabi girmamawa. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Uwar ɗaki, kin fi kowa sanin yadda muke yi. Kafin guba muke ba su, ba bayanta ba. Shi tasa hantar ta riga ta ji rauni, duk abin da kika zuba mata yanzu aiki kika ƙara mata. Kuma ke kika kwashe na kejin nan da hannunki. Ban san inda iyakar take ga mutum ba. Da na sani, wallahi da ni zan kai miki har gida." Ta ɗauki waya ta kira wani abokin karatunta, likitan hanta a babban asibiti, ta roƙe shi ya duba takardun gwajin. Ya duba, ya faɗi abin da na farko ya faɗa.

Gwajin jini na gaba ya fito ya fi na baya muni. Mai Fenti ya rame, wandonsa sai da igiya, fatarsa na ƙaiƙayi har ya yi wa kansa jini. Ita kuwa kullum sai ta buɗe firij ɗin nan ta ɗebi Mai-katanga ta auna wa ɓeraye. Wata rana da yamma, bayan ɗalibai sun watse, ta ɗebi kamar cokali biyu ta zuba a ƙaramar kwalba, ta naɗe a hankici ta sa a jaka.

Ta iske mijinta kwance a tabarma a falo, Inna ta shiga maƙwabta. Ta zauna kusa da shi ta kwance hankicin. Ta gaya masa komai yadda yake, na ɓerayen da hantarsu ta tsira da na waɗanda suka mutu, da abin da Dakta ta ce. Ba ta ce ya sha ba, ba ta ce kada ya sha ba.

Ya ɗaga kwalbar ya juya ta a haske. "Wannan abin kamar kwalta? Mutum nawa ya taɓa sha?"

"Ba ko ɗaya."

Ya miƙa mata kwalbar. "Maman yara, ni ko a firamare ban taɓa zuwa na ɗaya ba. Ba yanzu zan fara ba. Mayar musu da kayansu."

Da safe ta ajiye kwalbar a teburin Dakta ta faɗi inda ta kwana. Dakta ta kalli kwalbar, ta kalle ta, ta tambaya ko ya sha. Ta ce a'a. Dakta ta jefa kwalbar a kwandon abin da ake ƙonawa, domin abin da ya fita daga firij ba ya komawa. Sannan ta ce, "Maganar ta tsaya a nan, ba zan kai ta gaba ba. Amma mukullin firij zai zauna a wurina." Uwar Ɓeraye ta kwance shi daga igiya ta ajiye. Daga ranar duk lokacin da za ta auna wa ɓeraye sai ta ƙwanƙwasa ofis ta jira. Ba a taɓa mayar mata da shi ba, ba ta kuma taɓa roƙo ba. Da gwaggonta ta ce an wulaƙanta ta, Uwar Ɓeraye ta ce ko ita ce a kujerar Dakta haka za ta yi.

Inna da ta ga ba ci, ta nemo nata. Ta sayo wata babbar kwalba mai koren ruwa daga wani mutum da ke talla da lasifika a bayan mota, takardar jikinta ta jera cututtuka tun daga ciwon kai har zuwa tsagewar ƙafa. Mai Fenti ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya ce zai riƙa sha a bayan gida saboda ɗacin yana sa shi amai. Kullum ruwan kwalbar na raguwa. Matarsa ta ga koren tabo a bakin magudana, ta zuba ruwa ta wanke.

Sauƙin ya zo a hankali, har ba wanda zai iya cewa ga ranar da ya fara. Ƙaiƙayin ya lafa, ya nemi abinci da kansa, idon ya washe. Likita ya ce an auna arziki, amma ya ce fesa fenti ya ƙare masa har abada.

Inna ta koma gida da labarinta. A cewarta koren ruwan nan ne ya tashi ɗanta, bayan matarsa ta zauna a kan magani ta hana. Labarin ya zaga dangi. Ƙannen mijin mata suka rage gaisuwa, a taron suna ko biki akan matsa mata wuri fiye da yadda take buƙata. Da ta buɗe baki da ta wanke kanta, amma sai ta tona cewa ɗa ya yaudari uwarsa. Ta bar shi a haka. Mijin ya so ya faɗa sau ɗaya, ta ce masa tsohuwa ta samu abin da ya kwantar mata da hankali, ya ƙyale ta.

Barin gareji ya fi ciwon yi masa wuya. Ya yi watanni yana zaune a ƙofar gida, barkwancin ya ɗauke. Surukinsa tela, wanda ido ya fara gaza masa, shi ya ce ya zo ya koyi keke. Manyan yatsun Mai Fenti suka yi ta karya allura, tsohon ya yi ta faɗa, a ƙarshe dai ya iya abin da zai ci abinci da shi, ɗinkin rigunan kujerun mota. Ya kama shago a layin da ke kallon tsohon garejin. Yakan tsaya a tsallaken titi ya hango motar da aka fesa ya girgiza kai, ya ce wannan shuɗin da na ƙofar baya ko a mafarki ba su haɗu ba. Matarsa ta taɓa sayen takunkumi ta kai wa abokan aikinsa. Sun yi godiya sosai. Da ta sake wucewa ta ga ɗaya ya sa nasa a goshi, ɗaya a haɓa.

Aikin Dakta a kan Mai-katanga an buga shi a wata mujallar masana. Mataki na gaba yana buƙatar manyan dabbobi da izini da tallafi, aka yi ta rubutu ana jira, bai zo ba. Dakta ta samu matsayi a wata jami'a ta tafi. Ranar tafiyarta ta shigo ɗakin ɓeraye ta zauna a kujerar, suka yi hirar yara da tsadar dusar katako. Bayan wani lokaci aka rushe katangar bayan sashen aka yi wurin ajiye motoci. Sababbin malamai suka zo da nasu tambayoyin, wani ciwon suga, wani ƙoda. Uwar Ɓeraye ta shanya musu ganye, ta riƙe musu ɓeraye, ta wanke tebur, har shekarunta suka cika. Ɗalibai suka haɗa mata ɗan taro a ƙarƙashin bishiya, suka ba ta agogon bango.

Zaman gida bai karɓe ta ba. Ta share inda ta share, ta sake sharewa. Da ta ji ɗalibai na kukan sai sun yi doguwar tafiya kafin su samu ɓerayen gwaji, ta sa mijinta ya kafa mata rumfa a bayan gidansu, ya ƙera kejoji da raga da katako. Ta fara da ɓeraye 'yan ƙalilan, yanzu rumfar ta cika. Maƙwabta sun yi ƙorafin wari, ta ƙara yawan wanki, suka haƙura.

Inna ta tsufa tukuf, ƙafa ta ƙi, ɗanta ya ɗauko ta ta dawo gidan gaba ɗaya. Tagar ɗakinta ce ke kallon rumfar. Ta ce ita ba ta taɓa ganin gidan da ake kiwon abin da mutane ke sa wa tarko ba. Surukar ce ke mata wanka, ita ke kai ta bayan gida, ita ke ba ta ƙwayoyin hawan jini a kan lokaci. Da hantsi akan fito da tsohuwar a zaunar da ita a inuwa, a ajiye mata tire da wuƙa da ragowar kabeji da karas na 'yan kasuwa. Tana yanka wa ɓerayen ƙanana-ƙanana tana mita, ta ce manyan suna danne ƙananan a wurin ci, a raba musu keji. Surukar takan je ta duba, mafi yawan lokuta ta iske haka ne, ta raba.